Yadda Na Gyara Durowar Mahaifina

A ɗakin mahaifina, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, akwai wani tsohon tebur mai durowa biyu. Kakana ne ya saye shi da kuɗin alkamarsa ta farko, bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara isowa gonaki da rani. A ciki Baba yake ajiye takardar gona da rasiɗan kuɗin ruwa da na taki.

Da na je hutu cikin hunturun bana, sai na tarar goshin durowa ɗaya ya saki, har ɓera ya shiga ya ci gefen wani rasiɗi. Baba ya ɗauko hama da ƙusa. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini izini in gwada abin da aka koya mana a makaranta." Ya ce, "To, ɗan boko, bismilla."

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, in kun duba kusurwar tsohuwar durowa za ku ga haƙora sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Kowane haƙori na allon gefe ya fi faɗi a bakinsa, kamar wutsiyar kurciya, shi ya sa duk yadda aka ja goshin ba ya zarewa. Tun zamanin Fir'aunonin Masar kafintoci suke yin wannan haɗi. Abin da ke kwance shi kuwa shi ne sauyin yanayi. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke. Shekara da shekaru ana haka, sai gam ya farfashe, haƙora su yi sako-sako. Ƙusa ba ta maganin wannan, sai ma ta tsaga busasshen katako.

Da fari na rubuta lamba a kowace kusurwa don kada in rikice wajen mayarwa. Na ɗora guntun katako daga ciki, ina bugunsa a hankali har allon gefe ya fita. Sannan na jiƙa tsohon gam da ruwan ɗumi, na kankare shi da wuƙa, domin sabon gam ba ya kama tsoho, katako yake kamawa. Na bar shi ya bushe a inuwa.

Da na gwada haɗawa, sai na ga haƙora biyu sun cinye. Na fere siraran katako, na cusa a giɓin, tsawonsu yana bin tsawon allon. A nan sai a kula, in abin da aka cusa ya yi kauri, da damina zai kumbura ya fasa haɗin. Daga nan na shafa farin gam kaɗan, na mayar da kome wurinsa, na ɗaure tam da robar tsohon tub ɗin keke. Na auna da zare daga kusurwa zuwa kusurwar da ke can ƙetare, ta hanya biyu. Da awon ya zo daidai, na san durowa ba ta karkace ba. Bayan awa 24 na kwance, na goge da samfefa, na shafa kyandir a gindinta don ta riƙa shiga da sauƙi.

Baba ya ja, ya tura, ya sake ja, sannan ya mayar da takardunsa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Washegari maƙwabcinmu ya aiko da tasa.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana kada mu raina darasin kafinta, iyayenmu kuma su riƙa ba mu dama mu gwada abin da muka koya. Hausawa sun ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.