BABI NA BAKWAI: ƘAUYEN LUGU A KWARIN AREWA

7.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan ana nazarin tarihin Hausawa, hankali kan karkata ga manyan birane kamar Kano da Katsina da Daura, a manta da ƙauyuka. Alhali kuwa a ƙauye ne tsofaffin al'adu da kalmomi suka fi daɗewa. A wannan darasi za a ɗauki Lugu, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, a dubi muhallinsa da tarihinsa da harshen mutanensa.

7.1 Muhalli

Lugu yana gundumar Dogon Dutsi ta jihar Doso, kusa da Matankari. Yankin ya dogara ne da wani dogon kwari da ake kira Dallol Mawuri. "Dallol" kalmar Fulatanci ce mai nufin kwari, "Mawuri" kuwa suna ne da Zabarmawa ke kiran Arawa da shi. Kwarin tsohuwar hanyar kogi ce da ta ƙafe tun zamani mai nisa, ta gangaro daga arewa har ta kai Kogin Kwara a wajejen Gaya. Ko da yake kogin ya ƙafe, ruwa bai yi nisa a ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan ne ya jawo manoma da makiyaya suka zauna a cikinsa da gefensa. Da damina ana noma gero da wake da gyaɗa, da rani kuma a yi lambu a inda rijiya ba ta da zurfi.

7.2 Kafuwar Gari da Sarautar Gargajiya

Tarihin baka ya nuna cewa Gubawa ne suka fara zama a wannan yanki. Ana cewa wata mata ce ta jagorance su daga Daura, wani dutse mai suna Tunguma yana nuna musu hanya, har suka yada zango a Lugu. Daga gare ta aka samo sarautar Sarauniya. Daga baya aka sami zuriyar sarakunan Arewa, waɗanda ke danganta asalinsu da Barno. Sai iko ya rabu biyu: mulki da yaƙi suna hannun Sarkin Arewa, sha'anin ƙasa da tsafi da roƙon damina suna hannun Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa Sarauniya a nan muƙami ne, ba sunan mutum ɗaya ba. Mai riƙe da shi takan zauna a keɓe cikin ɗakinta, aikinta kaɗin auduga da karɓar masu neman taimako. Idan ta rasu, a bisa al'ada akan ɗauki gawarta a kewaya da ita, macen da ta nufa ita ce magajiya. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Shi kuwa dutsen Tunguma, wurinsa ake zuwa neman gaskiya idan shari'a ta rikice.

7.3 Yaƙin 1899

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wadda ta nufi Tabkin Chadi tana ƙone garuruwa, ta auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da kwari da baka, suka yi mata ɓarna, sannan suka janye cikin kurmi. Rundunar ta wuce Birnin Ƙonni inda ta yi kisan gilla a watan Mayu. A watan Yuli sojojinsu suka kashe jagororin biyu a kusa da Tasawa.

A lokacin, yarjejeniyar 1898 ta sanya yankin a ɓangaren Ingila. Gyaran iyaka na 1904 da 1906 ne ya mayar da shi hannun Faransa. Shi ya sa a yau ake samun Arawa a Nijar da kuma jihar Kebbi ta Nijeriya, musamman a wajejen Kangiwa.

Sunan Lugu ya bazu a duniya bayan Abdoulaye Mamani ya wallafa ƙagaggen labarinsa, Sarraounia, da Faransanci a 1980, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. A nan akwai abin kiyayewa. Marubucin ya zana jaruma mai jan daga da kanta, alhali al'adar garin ta san Sarauniya da zaman ɗaki. Malamin da ya koyar da ƙagaggen labari a matsayin tarihi ya ɓatar da ɗalibansa.

7.4 Karin Harshe

Arewanci yana cikin rukunin Hausar yamma. Ga wasu misalai, Daidaitacciyar Hausa a farko:

(a) fara – hwara. Tafi – tahi
(b) suka zo – sunka zo
(c) yana zuwa – shina zuwa
(d) Audu ne, Binta ce – Audu na, Binta ta

Haka kuma an ari kalmomi daga Faransanci, kamar "lakwal" (makaranta) da "mushe" (malamin boko). Yaron da ya ce "sunka zo" a aji bai yi kuskure ba, karin gidansu ya yi. Aikin malami shi ne ya nuna masa daidaitacciyar siga don rubutu, ba tare da ya kunyata shi ba.

7.5 Kammalawa

An ga yadda ruwan kwari ya tara jama'a, yadda aka raba iko tsakanin masu ƙasa da masu mulki, da yadda iyakar Turawa ta raba dangi. A yau Musulunci ya game ƙasar Arewa, masu riƙe da tsohuwar al'ada sun ragu ƙwarai. Abin da ba a rubuta ba daga bakin tsofaffi, tare da su zai tafi.

7.6 Auna Fahimta

1. Bayyana rabon iko tsakanin Gubawa da sarakunan Arewa.
2. Me ya bambanta tarihin baka da ƙagaggen labari?
3. Kawo siffofi uku na Arewanci tare da misalai.
4. Tattauna da dattawa biyu a ƙauyenku, ka rubuta shafi biyu kan kafuwarsa, ka nuna inda ruwayoyinsu suka saɓa.