Me Ya Haɗa Ƙoda da Kunne?

Darasin wannan mako ya fito ne daga gidan ɗaya daga cikinmu. Kakansa ya shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda, har ana kai shi wankin ƙoda. Kwanan baya sai aka lura yana ƙure ƙarar rediyo, in an yi masa magana sai ya ce, "Na'am? Me ka ce?" Mutanen gida suka ce tsufa ne. Da aka koma asibiti, likita ya ce akwai hannun ciwon ƙodar a ciki. Abin ya ba mu mamaki, shi ya sa muka bincika.

Aikin ƙoda

Mutum yana da ƙoda biyu, kowacce kamar girman dunƙulen hannunsa. A cikin kowacce akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. Su ne ke tace jini, su fitar da datti ta fitsari, su daidaita ruwa da gishirin jiki. Idan ƙoda ta wuce wata uku ba ta aiki daidai, shi ake kira ciwon ƙoda mai daɗewa. Ciwon suga da hawan jini ne suka fi jawo shi.

To, ina ruwan kunne?

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa. Cike yake da ruwa da wasu 'yan gashi ƙanana masu karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Idan ƙoda ta gaza, datti yana taruwa a jini, gishirin jiki ya rikice, sai wannan wuri da jijiyar ji su cutu. Suga da hawan jini kuma suna lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda da na kunne duka. Abin tsoron shi ne, waɗannan 'yan gashi in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan dattawa a ƙasar Ostareliya ya gano kashi 54 cikin 100 na masu ciwon ƙoda suna da raguwar ji. A cikin waɗanda ba su da ciwon, kashi 28 ne kawai.

Akwai kuma batun magani. Allurar jentamaisin tana iya cutar da ƙoda da kunne a lokaci guda. Ƙoda ce ke fitar da ita daga jiki, don haka in ƙodar ta yi rauni sai maganin ya taru. Shi ya sa yin allura a kemis ba da umarnin likita ba yake da haɗari.

Abin da za mu iya yi

1. In mai ciwon ƙoda ya fara yawan cewa a maimaita, ko yana jin ƙara a kunne, ko jiri, mu gaya wa manya a sanar da likita.
2. A nemi a yi masa gwajin ji.
3. Kada a saya masa magani ko allura sai wanda likitansa ya rubuta.
4. Mu fuskance shi in za mu yi magana, a hankali, ba da tsawa ba.
5. Wani ya raka shi asibiti, don kada ya kasa jin yadda aka ce ya sha magani.

Yanzu abokinmu ne ke zama kusa da kakansa yana maimaita masa labaran rediyo. Allah ya ba shi lafiya, da duk marasa lafiyarmu, amin.

Tambayar mako: a wace rana ake bikin Ranar Ji ta Duniya? Ga ɗan taimako, a cikin watan Maris take. A kawo amsa kulob ɗin 'yan jarida kafin Juma'a.