Amsoshin Tambayoyinku: Shin Jarin Waje Zai Amfani Anka, Gummi da Bukkuyum?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na jami'a, ina karanta tattalin arziki, kuma ɗan Bukkuyum ne ni. An amince min in rubuta kundina a kan jarin ƙasashen waje. Tun da aka ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a Zamfara ake ta yi mana albishir cewa masu zuba jari suna tafe. Shin binciken masana ya tabbatar da cewa irin wannan jari yana ciyar da wuri gaba? Kuma ta ina zan kamo bakin zaren?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Masana sun shafe shekaru masu yawa suna wannan bincike, kuma abin da suka tarar shi ne wani jarin yana amfanar mutanen wuri, wani kuwa yana wucewa ta kansu. Abin da ke raba su shi ne ya kamata ya zama zuciyar kundinka.

Da farko ka tantance abin da kake aunawa. A ma'aunin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ana kiran jari "na kai-tsaye" idan baƙo ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'ar kamfani, wato ya shigo da niyyar zama da sa baki a tafiyar da shi. Wanda ya sayi takardun lamunin gwamnati don cin ruwa, gobe ya sayar ya fice, ba ya cikin wannan lissafi. Haka kamfanin da aka ba kwangila: Impresit na Italiya da ya gina madatsar Bakolori a shekarun 1970 biyansa aka yi, ya yi aiki ya tafi. Shi ma dillalin da ke zuwa da jakar kuɗi ya sayi zinare a bakin rami, ciniki yake yi. Mutane suna haɗa waɗannan duka su kira su "masu zuba jari", amma kai bai kamata ka haɗa su ba.

To, me binciken ya ce? A 1998 Borensztein da De Gregorio da Lee sun duba ƙasashe masu tasowa 69, suka ga jarin waje yana ƙara bunƙasar tattalin arziki ne kawai a inda mutanen ƙasa suka kai wani mizani na ilimi, domin sai da ilimi ake ɗaukar fasahar da baƙo ya kawo. Shekara guda bayan haka Aitken da Harrison suka bi diddigin dubban masana'antu a Benezuwela, suka tarar da abin da ba a zata ba: shigowar kamfanonin waje ta rage ƙwazon na gida, saboda sun ƙwace musu kasuwa. A 2004 kuma Beata Javorcik ta nuna a Lituwaniya cewa amfanin yana gangarowa ne ta hannun 'yan ƙasar da ke sayar wa kamfanin baƙi kayan aiki, domin dole kamfanin ya koya musu inganci in yana son kaya mai kyau.

Abin da ya fi shafarku shi ne bambancin fanni. Laura Alfaro ta raba jarin kashi uku a 2003, ta ga na masana'antu yana taimakon bunƙasa, na ayyukan hidima ba a tantance ba, na haƙo albarkatun ƙasa kuwa ya fi karkata ga jawo koma-baya. A nan gida, Farfesa Akinlo na Jami'ar Obafemi Awolowo ya nazarci alƙaluman Najeriya daga 1970 zuwa 2001, ya isa kusan wuri ɗaya: jarin da ya tafi ga man fetur bai motsa tattalin arziki yadda na masana'antu zai yi ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin haƙa yana zuwa da injinansa da ƙwararrunsa, ya kewaye filinsa da waya, ya fitar da kayan ɗanye. Garin da ke maƙwabtaka da shi zai iya ƙarewa da aikin gadi da ƙura kawai.

Kada ka ɗauka ƙaddara ce. Aragón da Rud sun nazarci babbar mahaƙar zinare ta Yanacocha a Peru, suka wallafa a 2013 cewa kuɗin shigar iyalan da ke kewaye ya ƙaru bayan kamfanin ya fara sayen kaya da hidima daga mutanen yankin. Rabon harajin da aka ba ƙananan hukumomi bai nuna irin wannan tasiri ba. Ina so ka tsaya a kan wannan sosai, domin a nan ne tattaunawarmu ta Zamfara take yawan kaucewa. Muna ta jayayya kan kason da jiha za ta samu, alhali abin da ke shiga tukunyar talaka shi ne wa aka ɗauka aiki, wa ke kawo abinci da mai da katako, motar wa ke jigila.

Yanzu mu komo gida. Ba za ka yi wannan rubutu ka tsallake shekarar 2010 ba. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi daga ƙasa da dala 300 a 2001 zuwa sama da dala 1,200 kowane oza a 2010, mutane suka bar gona suka shiga rami. Duwatsun da suke kawowa gida cike suke da dalma, ana daka su a tsakar gida, ana niƙa su a injin da ake niƙa hatsi, yara suna rarrafe cikin ƙurar. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Garin Bagega bai samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013, bayan doguwar fafutuka kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi.

Adalci shi ne ka faɗa a kundinka cewa ba kamfanin waje ne ya haddasa wannan musiba ba. Kuɗin kasuwar duniya ya iso ƙauye ta hannun dillalai, amma jari bai iso ba: babu injin niƙa mai aiki da ruwa da zai kashe ƙura, babu wurin sarrafawa a bayan gari, babu mai gwada dutse. Wannan hujja ce ga masu neman jari na gaskiya, kuma ina ganin tana da ƙarfi. Sai dai akwai hujja ta biyu da ke gefenta. Binciken Berman da abokan aikinsa na 2017, wanda ya bi Afirka daga 1997 zuwa 2010, ya nuna tashin farashin ma'adinai yana ƙara rikici a inda ake haƙarsu, domin masu ɗauke da makami suna samun abin ciyar da kansu. Kai ɗan Bukkuyum ne, ba sai an fassara maka wannan ba. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙa a jihar, ta ba baƙi sa'o'i 48 su bar wuraren. Duk da haka a Afrilun 2020 'yan sanda suka kama 'yan China biyu a ƙauyen Kwali na ƙaramar hukumarku bisa zargin haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Sai a Disambar 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage dokar. Elizabeth Asiedu, masaniya 'yar Ghana, ta nuna cewa albarkatun ƙasa suna jawo jari zuwa Afirka, amma rashin zaman lafiya da cin hanci suna korarsa. Kamfanin da ke da suna a kasuwar hannun jari, kamar Thor Explorations da ya fara fitar da zinare a Segilola ta jihar Osun a 2021, yana tsoron wurin da ake satar mutane. Wanda ba ya tsoro sau da yawa shi ne wanda ba ya son a san da shi.

Gummi kuwa labarinta ya fi karkata ga fadama da shinkafa, kuma a nan binciken ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. Masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 ba ta da abin casa sai abin da manoma suka noma, don haka dole ta nemi manomi, ta damu da irinsa da takinsa. Wannan shi ne ainihin abin da Javorcik ta gano a Lituwaniya, ga shi kuma a maƙwabciyarku Kebbi.

Sai batun ta ina za ka fara. Yawancin kundayen da ɗalibai ke rubutawa a wannan fanni suna ɗauko alƙaluman Babban Banki na shekara talatin ko arba'in, su zuba a kwamfuta, su fito da sakamako kan Najeriya baki ɗaya. Ba na ba ka shawarar bin wannan hanya. Jarin da ke cikin waɗannan alƙaluma mafi yawansa na Legas ne da Abuja da man fetur. In ka buɗe rahotannin shigowar jari na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, za ka sha ganin Zamfara cikin jihohin da aka rubuta wa sifiri, saboda ana lissafa kuɗi ne a inda banki ya karɓe su, zinaren kuma yana fita ta ɓarauniyar hanya. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinare sama da tan 400 daga Afirka, akasarinsa zuwa Hadaddiyar Daular Larabawa.

Ka taƙaita tambayarka yadda ƙafarka za ta iya kai wa gare ta. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora mallakar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, amma ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Nemi jerin lasisin da Ofishin Rajistar Ma'adinai ya bayar a Anka da Bukkuyum, ka ga na bincike nawa ne, na haƙa nawa, kuma su wa ke riƙe da su. Daga nan ka tambayi hakimai da dagatai ko an taɓa zama da su, ko akwai takarda, da abin da ta ƙunsa. Ka tattauna da mahaƙa da masu niƙa da dillalai kan farashin da ake saye a bakin rami, ka gwama shi da na kasuwar duniya a wannan rana. Ka yi haka a garuruwan da ake iya shiga lafiya, da wasiƙar sashenku a hannu da sanin masarauta, kuma kada ka rubuta sunan duk wanda ya ba ka amsa.