Darasi na Wannan Wata: Natsuwar Zuciya Ta Wurin Bimbini

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

'Yan'uwa, duk wanda ya san ƙasar Kwargaba ya san Gulbin Rima. A shekara ta 1984 aka gama gina madatsar ruwa a Goronyo bisa wannan gulbi. Aikinta shi ne ta tare ruwan damina, a riƙa sakinsa kaɗan kaɗan da rani, domin masu noman albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamun Wurno su sami na ban ruwa. Amma cikin Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, ruwa ya kwararo gaba ɗaya, ya cinye gonaki da gidaje, har ya karya gadar hanyar jami'a a Sakkwato. Ruwan nan ɗaya ne. Da awo ya ke ciyad da mutane, da ya rasa awo kuwa ya hallaka dukiyarsu.

Haka fushi da tsoro da baƙin ciki su ke a zuciyar mutum. Jin su ba zunubi ba ne, mutanen wannan gefe kuwa suna da dalili. Ran 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40, ƙauyukan Rabah ma sun sha irin wannan wahala. Wanda ya binne ɗan'uwansa, ba a ce masa kada ya ji kome. Tambayarmu ita ce, me mai bi za ya yi da abin da ya cika masa ciki?

1. Hanyoyi biyu na hasara

Wani ya kan toshe, ya ce lafiya lau, alhali kuwa ba ya barci, tuwo ba ya shiga. Wani ya kan saki duka a kan wanda ke kusa, ya zagi matarsa, ya doki yaro, ko ya ɗora wa maƙwabci laifin da wasu suka yi domin harshensu ɗaya. Na farko yana cin kansa, na biyu yana cin jama'a.

2. Abin da Ubangiji ya yi da Iliya

Sa'ad da Yezebel ta aika za ta kashe shi, annabi Iliya ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Ku lura, Allah bai fara da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyad da shi sau biyu, kāna ya kai shi Dutsen Horeb bayan kwana 40. A can ya tambaye shi, Iliya kuwa ya zazzage kukansa duka. Iska mai ƙarfi ta wuce, da rawar ƙasa, da wuta, amma sai cikin tsit ya ji murya. Daga nan aka gyara masa tunani, gama yana tsammani shi kaɗai ya rage, ashe akwai mutum 7,000. Aka kuma komad da shi bakin aikinsa.

3. Yadda a ke bimbini

Bimbini shi ne ka ɗauki magana kaɗan daga Littafi Mai Tsarki, ka yi ta juya ta a zuciya, kamar yadda saniya ta kan kwanta inuwa tana tuƙa.

Ka zaɓi lokaci ɗaya, da asuba ko bayan an kai yara barci. Minti 10 ya isa mai farawa. Ka kashe rediyo, ka ajiye waya.

Ka zauna, ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Tsoro da fushi su kan sa zuciya bugawa da sauri, sakin numfashi a hankali kuwa yana rage bugunta.

Ka faɗa wa Allah sunan abin da ke damunka, ba ɓoye-ɓoye.

Ka karanta aya guda sau uku, ka yi shiru. Tunani za ya gudu kasuwa ko gona. Kada ka ji haushin kanka, sai ka komo da shi kamar makiyayi da akuya.

Ka tashi da abu guda da za ka yi yau: gaisuwa, ko neman gafara, ko taimakon gwauruwa.

Natsuwa ba ta hana tsaro. Mai natsuwa ne ya kan bincika jita-jita kafin ya tā da gida tsakar dare. Ba a kuwa gina madatsa ran da gulbi ya kawo, saboda haka mu fara tun yau. Idan baƙin ciki ya hana ka ci da barci har makonni, ka gaya wa fasto ko dattijo, ka kuma je asibiti.

Tambayoyi

1. Don me Allah ya ba Iliya abinci kafin ya yi masa magana?
2. Kai mai toshewa ne, ko mai saki?
3. Wane lokaci za ka keɓe domin bimbini cikin wannan mako?