Yadda Ake Girka Wufa a Mota Ba Tare da Bes Ya Cinye Kansa Ba

Gab da Sallar Gani, lokacin da samarin Daura ke rige-rigen gyara motoci, masu wayarin sun saba jin ƙorafi iri ɗaya: "Oga, kuɗina sun tafi a banza. Na bakin titi yana jin dukan har ƙirjinsa, ni da nake riƙe da sitiyari ba na jin komai." Shawarar da aka fi ba irin wannan yaro ita ce ya koma kasuwar Sabon Gari a Kano ya sayo amfilifaya mai ƙarfi. Sau da yawa asara ce a kan asara. Wufar lafiyarta ƙalau, sautin ne ke kashe kansa kafin ya iso kunnen direba. Gyaran yana ga inda aka ajiye akwatin, da inda ya fuskanta, da yadda aka ɗaura wayoyi biyu, kuma duk wannan ba ya cin kwabo.

Wufa iska take turawa ta janyo. Fatarta ta yi gaba ta matse iska, ta koma baya ta saki. Idan turi da ja suka haɗu wuri guda a lokaci guda, sai su soke juna, tamkar ƙarti biyu suna tura mota, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya: gumi na zuba, mota na nan inda take. Abin da ya sa matsalar ta fi addabar bes shi ne tsawon zangonsa. Sauti na cin mita 343 a sakan ɗaya in sanyi ya kai digiri 20, a zafin Afrilu kuwa, da Daura ke haura digiri 40, yana kaiwa wajen 355. Bes mai kaɗawa sau 50 a sakan, wato hatz 50, zangonsa ɗaya ya kusa mita 7. Na hatz 80 ya ɗan haura mita 4, kusan tsawon Golf 3 tun daga bamba zuwa bamba. Don haka in wannan sautin na hatz 80 ya bi hanyoyi biyu zuwa kunne, ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kamar mita 2, rabin zango ke nan, sai turin wannan ya tarar da jan wancan.

Aikin farko akwati ne. Wufar da aka jefa a but tsirara, ko aka ɗaure ta a jikin katako ɗaya, ba za ta taɓa yin ƙugi ba, ko wat dubu nawa aka rubuta a kwalinta. Lokacin da gabanta ke tura iska, bayanta ja yake yi, iskar sai ta zagayo ta gefe ta cike gurbin. Shi ya sa wasu masu adaidaita sahu ke ta ƙara murya amma ƙara kawai ake ji, babu duka. A sa kafinta ya haɗa akwati da katako mai kaurin milimita 18, a bi kowace kusurwa da gam da sukurori, kada a bar ko hudar allura. Wufa mai inci 12 a rufaffen akwati galibi tana son lita 28 zuwa 35, amma in takardarta ta faɗi wani adadi, ita za a bi. Akwati mai bututun numfashi ya fi ƙara, sai dai yana da sharaɗi: in aka yi kuskuren tsawon bututun, bes ya zama gunji marar kan gado. A ganina wanda ba shi da ma'aunin lissafa shi ya tsaya ga rufaffe. Ya fi yafiya, kuma ƙurar hunturu ba ta samun ƙofar shiga.

Kafin a ɗaura komai a gwada kan wayoyi. A samo ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, a taɓa kansa mai alamar ƙari a jar kafar wufa, gindinsa a baƙar. In fatar ta zabura waje, alamun daidai suke. In ta shige ciki, an juya su tun daga masana'anta ko wajen wanda ya yi mata sabon naɗi, kuma a wufar da aka gyara wannan ba baƙon abu ba ne. Mai wufa biyu a akwati ɗaya shi ya fi bukatar wannan gwaji, domin in ɗaya na fita ɗaya na shiga, biyun ba za su kai ƙarfin guda ba. Haka za a bi lasifikokin ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Batun wuta ba shi da tsawo, amma shi ke ƙona mota. Babbar waya daga batir ta zama ta jan ƙarfe ta gaskiya, fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Wayar at ta zama gajeriya, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure ta. Amfilifaya mai wat 500 na gaske tana iya zuƙar amfiya 40 zuwa 50 in an sake mata, don haka in fitilun gaba suna lumshewa duk sanda ganga ta faɗi, caja ce ke neman agaji. A kafa amfilifaya inda iska ke ratsawa, kar a liƙa ta a jikin akwati, girgiza na kwance mata ƙafafun kayan ciki.

Yanzu aka zo ga ainihin aikin, kuma na mutum biyu ne. A bar wayar wufa da tsawo yadda akwatin zai yi yawo a but. Mai mota ya zauna a kujerar direba, don nan ne kunnen da ya biya kuɗi yake, ba bayan mota ba inda masu kallo ke taruwa. A tada inji, a zaɓi waƙa ɗaya mai bes a jere, irin kiɗan fiyano na situdiyon Kano, a tsayar da murya a lamba ɗaya kada a sake taɓa ta. In akwai manhajar da ke fitar da sauti zalla a waya, a gwada hatz 40, 50, 63 da 80, kowanne daban.

Yawancin mutane suna jingina akwatin da bayan kujera, fuskar wufa na kallon gaba, a tunaninsu sautin zai fi saurin isowa. Bes ba ya tafiya a miƙe kamar hasken tocila, ko'ina yake bazuwa. Wani kaso ya nufi direba kai tsaye, wani ya zagaya ya doki ƙarshen but ya dawo. In tsakanin fatar wufa da ƙarshen but akwai mita 1, wanda ya je ya dawo ya ƙara mita 2 a tafiyarsa, ya iso a makare da rabin zangon hatz 85 ko kusa da haka, daidai inda dukan ganga yake da nama. Nan bes ke ɓacewa, ramin ke nan. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona shi: ana cikin kiɗa a ɗaga murfin but. In bes ya ƙaru a kujerar direba bayan an buɗe, to abin da ke dawowa daga baya ne ke cinye shi, tunda yanzu ya sami hanyar ficewa.

Sai a juya akwatin ya kalli baya, a tura shi kusa da ƙarshen but, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya don fatar ta samu wurin numfashi. Yanzu wanda ya fita kai tsaye da wanda ya daki bango kusan tare suke tashi, sai su haɗa ƙarfi. A mafi yawan motoci nan ake samun sa'a, amma kada a ɗauka doka ce. A gwada kusurwar dama, a gwada ta hagu, a kwantar da shi ya kalli sama. A Sharon da Golf, inda but da ɗaki suke haɗe, kallon sama ko kallon ƙofar baya duka suna iya bayarwa. A salun irin Corolla ko Peugeot 406 akwai ƙarin damuwa, domin kujerar baya da ƙarfen bayanta katanga ce. A sauke abin ɗora hannu na tsakiya in yana da ƙofa, ko a cire lasifikokin da ke kan allon baya a bar ramukansu su zama hanya. Dama wufa na tura fatunsu ta ƙasa tana ɓata musu murya. Duk motsi ɗaya, na kujera ya ce ya ƙaru ko ya ragu, na but ya sa alama da alli.

Wani abin da masu gyara ke mantawa shi ne gilashi. Rufaffiyar mota na ƙara wa bes na can ƙasa ƙarfi da kanta. Da an sauke gilashi lissafin ya canza: a wata motar bes ya zube, a wata kuma na kujerar gaba ya ji ya ƙaru, saboda ramin ya matsa wani wuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun yi sallama da na'urar sanyi. Wanda ya san da gilashi a ƙasa yake bin hanyar Kazaure ko ta Kongolam, to a haka zai yi gwajinsa.

In wuri ya zaunu sai a raba aiki tsakanin wufa da lasifikokin ƙofa. A amfilifaya akwai maɓallin da ke tare siririn sauti, a tsayar da shi wajen hatz 80. A rediyon mota, in yana da wannan damar, a hana lasifikokin ƙofa duk abin da ya yi ƙasa da 80. A daidai wannan iyaka dukansu suna magana tare, ɗaya daga ƙofa kusa da gwiwa, ɗaya daga but mai nisan mita 2 ko fiye, kuma nan ma soke juna na faruwa. Maganinsa maɓallin da aka rubuta wa 0 da 180. A kunna hatz 80, a juya shi, wanda ya fi cika kunne a kujerar direba shi ne daidai. In amfilifayar ba ta da shi, a kashe ta a musanya wayoyin wufa biyu, sakamakon ɗaya ne. Kada wani ya ce ja dole ta hau ja: gwajin batir don wufa biyu su yi tafiya tare ne, wannan kuwa kunne ke yanke hukunci.

Daga nan a sako tsohon faifan Mamman Shata, wanda a nan Daura aka binne shi a 1999. Ba don bes ba, faifan ba su da shi sosai. Kalangu da murya ne ma'auni. In aka ji kalangu na fitowa daga bayan ƙeya, ko muryar ta yi kauri kamar mai mura, an bar wa wufa abin da ba nata ba, a sassauto da maɓallin zuwa 70 ko 60. Maɓallin gen kuma ba na ƙara murya ba ne. A kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga gen a hankali har sauti ya fara tsagewa, sannan a dawo da shi baya kaɗan. Na ƙarin bes a bar shi a sifiri, ba ya cike rami, naɗin wufa kawai yake dafawa.

Abin da ya rage kakkaɓe-kakkaɓe ne. Lambar mota, murfin but, jak da sufana a ramin safaya, duk za su fara rawa. A sa roba ko soso a bayan lamba, a naɗe ƙarafa da tsumma. Sannan a ɗaure akwatin da maɗauran ƙarfe a kan alamar allin nan, domin akwati mai kilo 20 da ba a ɗaure ba, burki ɗaya zai kai shi bayan kujera, a rasa saitin, wani lokaci har da waya. Mai ɗaukar kaya kuma ya sake saurare ranar da ya ciko but da buhuna daga kasuwar Mai'adua: in buhu ya toshe fuskar wufa, a gyara lodin a bar mata taƙinta.