Ranar Kwance Zare

'Ya'yana masu ɗaura zare a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, ku ba ni aron hankalinku. Ban zo in raba ku da dambe ba. Wasan gado ne, tun zamanin da rundawa ke bi gari-gari da kaka, ana gwada ƙwanji bayan an kai amfanin gona gida. Yau ga shi ana ɗaukarsa ana sawa a YouTube har ƙasashen waje suna kallo, wasunku ma suna mafarkin shiga kejin UFC, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Allah ya ba da sa'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kowa yana koya muku shiga fili, amma ba mai zaunar da ku a kan yadda ake fita.

Kada ku jira wani ya gaya muku lokaci ya yi. Makaɗi ba zai faɗa ba, don a kan kirarinka yake cin abinci. Mai gidan dambe, ko a Kano ko a Dei-Dei, sunanka ne ke cika masa ƙofa. 'Yan ɓangarenka, Kudu kake ko Arewa, Jamus ko Guramaɗa, kisa suke so ka yi musu. Ba mugaye ba ne, kowa dai tasa ta fisshe shi. Idan an tashi wasa, kowa zai kama gabansa, kai kaɗai za ka kwana da kanka yana sarawa. Masu ganin gaskiyar lamarin suna gida: mahaifiyarka da ta lura ka fara maimaita tambaya, da mai ɗakinka da ta ga ƙaramin abu ya fara tunzura ka.

Maganar kai ita ce nake so ku riƙe da kyau. Hannu ya karye a kai wa maɗori, haƙarƙari ya goce a yi jinya, amma ƙwaƙwalwa ba ta da maɗori. Duk naushin da ya sa ka ga wuta, ko ka yi jiri, ko ka faɗi ka tashi ba ka san turmi na nawa ake ba, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Tana bukatar hutu na makonni, kuma bugu na biyu kafin ta warke ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Shi ya sa a ƙasashen da hukuma ke sa ido a kan wasan, wanda aka sumar akan hana shi shiga fili wata ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, sai likita ya duba shi. Mu kuwa a nan, sai a buge yaro a damben safe, da yamma a kaɗa masa kalangu ya koma ramuwa, a ce jarumta ce. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga haka. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin 'yan dambe masu tafiya kamar bugaggu alhali ba su sha komai ba. Ciwon a hankali yake taruwa, wani lokaci sai bayan shekaru da barin wasa yake fitowa: harshe ya yi nauyi, hannu ya kama rawa, mantuwa ta yi yawa.

Saboda haka ku san alamu. Idan naushin da a da kake shanyewa ka yi dariya ya fara kai ka ƙasa, idan kana hango hannu yana zuwa amma jiki ya ƙi kaucewa, idan ciwon kai ya wuce kwana biyu bayan wasa, ko ido ya fara ganin abu bibbiyu, to laya da guru ba za su gyara wannan ba. Ka nufi asibiti. Asibitin Shika ba nisa gare shi ba daga Hunkuyi.

Muhammad Ali, wanda ba a yi kamarsa ba a damben zamani, likitansa Ferdie Pacheco ya ba shi shawarar ya ajiye tun 1977, da aka ƙi ji ya rabu da tawagar. A 1980, Ali yana da shekara 38, Larry Holmes ya yi ta dukansa har mai horar da Ali ya tsayar da wasan bayan turmi na 10. Ya sake fitowa a 1981, ya sha kaye a hannun Trevor Berbick. A 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson, kuma da ita ya rayu har rasuwarsa a 2016. Namu na gida, Kamaru Usman haifaffen Auchi, ya kare kambunsa na UFC sau 5, sannan a Agustan 2022 shuri ɗaya na Leon Edwards ya kwantar da shi ana saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, alhali Kamaru ne ke kan gaba. Shi da bakinsa ya sha faɗin yadda gwiwoyinsa suka lalace. Jiki yana karɓar bashinsa ko a hannun zakara.

Wanda ya fi burge ni shi ne Khabib Nurmagomedov, Musulmi ɗan Dagestan. A Oktoban 2020 a Abu Dhabi ya ci Justin Gaethje, wasansa na 29 ba a taɓa cin sa ba, yana da shekara 32, sai ya cire safar hannu ya ajiye a tsakiyar keji. Mahaifinsa, wanda shi ne ya horar da shi, ya rasu watanni kaɗan kafin nan, kuma ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin wannan ne na ƙarshe. An lallashe shi ya dawo, ya ƙi. Ya koma horar da na baya, har abokinsa Islam Makhachev ya ɗauki kambun UFC a 2022. Ba wanda ya isa ya kira shi matsoraci.

Na san abin da ke mayar da yawancinku fili bayan jiki ya gaji: ba abin yi. Wanda ya saba da liƙi, zaman banza yana yi masa ɗaci, sai a sa damben mota ya ce bari ya gwada sau ɗaya. Maganin wannan tun hannu yana kawo kuɗi ake haɗa shi. Allah ya ba ku ƙasa mai albarka. Makarfi da Kudan an san su da rake da mazarƙwaila, Ikara da tumatir da barkono. Babur ɗin da ka ci a gasa, ka sa shi aiki. Kuɗin liƙi na kaka ɗaya, ka kama fadama ko ka ɗaure ɗan sa. In gidanku na fawa ne, kada ka raina teburin mahaifinka. Mai gona da sana'a shi ke iya cewa a'a idan kalangu ya kira sunansa.

Suna kuwa ba ya gudu don ka kwance zare. Har gobe ana sauraron waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, kuma galibin masu sauraron ba su taɓa ganin dambensa ba. Idan ranarka ta zo, ka je wurin ubangidanka ka faɗa masa da bakinka, ka sallami makaɗinka da alheri, ka nemi gafarar waɗanda kuka sa zare da su. Fili yana bukatar irinka a gefe: mai ɗaura wa shagonsa hannu, alƙalin da ya san lokacin raba wasa, babban da zai kama yaron da aka buge da safe ya zaunar da shi, ya ce yau ba ka sake shiga, kuma yaron ya ji maganarsa.