DARASIN SANA'A: Sabuwar Kwamfuta Da Zafin Ƙasarmu

Darasinmu na wannan wata ya shafi na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Wani zai ce, me ya haɗa jaridar karkara da kwamfuta? To, tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron Sule Tankarkar ko na Gagarawa da bai taɓa dafa ta ba sai ranar jarrabawa, an riga an bar shi a baya. Ban da wannan, cike takardun neman aiki da na makaranta duk sun koma kanta. Shi ya sa za ka ga samari a Gumel da Maigatari suna buɗe ɗan shagon buga takardu. Wasu sukan sayi wadda aka riga aka haɗa. Wasu kuwa sukan je Kano, Titin Beirut ko Fam Santa, su sayo kayan ɗaya-ɗaya a haɗa musu, ko su haɗa da kansu. Sau da yawa kuɗin riɗi ne ko na zoɓo ko na tumakin gida aka zuba a ciki. Wannan darasi dominsu ne, da kuma iyayen da suka ba da jarin.

Idan an gama haɗa kwamfuta, an kunna, hoto ya fito, mutum yakan ɗauka aiki ya ƙare. Bai ƙare ba. Saura a san yadda za ta yi da zafi.

Daga ina zafin yake fitowa?

Duk wutar lantarkin da ta shiga kwamfuta, ƙarshenta zafi take zama. Wurin da ya fi ɗaukar zafin shi ne ƙwaƙwalwarta, wadda masu gyara ke kira farosesa. Faɗinta bai wuce na akwatin ashana ba, amma irin ta aikin ofis takan ci wuta kamar wat 65 idan aiki ya yi nauyi. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana kunne ya san abin da ake nufi. Domin haka ake ɗora mata wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ya riƙa shanye zafin, a bisansa kuma a ɗaura fanka ta riƙa kore shi. Aikin lagireto ke nan a jikin mota.

A nan ne gundarin darasin yake, sai a kula. Fanka ba ta yin sanyi, iska kawai take turawa. Mutum yana jin daɗin fanka ne domin gumi yana bushewa a jikinsa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tsattsafon da yake bushewa a bayanta. Kwamfuta ba ta gumi. Saboda haka ko fanka goma aka sa mata, ba za ta sauka ƙasa da zafin iskar ɗakin da take ciki ba. Iyakar abin da ƙarfen da fankar ke yi shi ne su hana ta nisa da zafin ɗakin.

Yanzu a duba lissafi. Yawancin gwajin da ake yi wa waɗannan kaya a ƙasashen waje, a ɗaki mai sanyi ake yinsa, digiri 21 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura 40, kuma shago mai rufin kwano marar silin yakan fi waje zafi. Ke nan kwamfutar da ta nuna 70 a can, idan aka kawo ta shago a Maigatari da azahar, ba mamaki ta nuna 85 ko fiye, ba tare da komai ya lalace a jikinta ba. Ɗakin ne ya canza. Wanda bai san wannan ba yakan yi faɗa da mai sayar da kaya a banza.

Yadda ake auna zafin

Hanya ta farko ba ta bukatar a saka komai. Da an kunna kwamfuta, kafin Windows ta taso, a riƙa danna maɓallin Del ko F2. Wani shafi zai buɗe wanda ake kira BIOS. A ciki za a ga zafin farosesa da gudun fankarta. Idan aka ga gudun fanka sifili ne, ko kuma zafin yana hawa ba tsayawa, 70, 80, 90, alhali ba aikin da ake yi, a kashe nan take. Akwai kuskure a haɗin.

Hanya ta biyu ita ce a saka ɗaya daga cikin manhajojin da ake samu kyauta, irin su HWMonitor ko Core Temp ko HWiNFO. A tabbata harafin C ne a gaban lambar, ba F ba. Ma'auni biyu ne daban: 100 a ma'aunin F daidai yake da kusan 38 a na C. Mutane da yawa sun tsorata a kan wannan harafi ɗaya.

Sai a yi awo biyu. Na farko, a bar kwamfuta a kunne minti 15 ba tare da aiki ba, a rubuta lambar. Na biyu, a ba ta aiki mai nauyi na minti 20 zuwa 30, a sake rubutawa. Ana iya amfani da manhajar gwaji kamar Cinebench, ko kuma a haɗa mata irin aikin da ya fi nauyi a shagon. Kada a yi awon da asuba ko da dare a ce an gama. A yi shi tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ɗaki ya fi zafi, domin a lokacin ne gaskiya ke fitowa.

A ƙasarmu, idan ba aiki, 40 zuwa 55 ba abin damuwa ba ne da bazara. Idan ana aiki mai nauyi, 70 zuwa 85 yana cikin hanya. Yawancin farosesa na kamfanin Intel iyakarsu 100 ce, yawancin na AMD kuwa 90 ko 95. Idan ta kai iyakar, da kanta take rage gudu don ta tsira. A lokacin ne za ka ji mai shago yana cewa kwamfuta ta yi nauyi. Idan rage gudun bai isa ba, sai ta kashe kanta. Wannan kariya ce, amma ba a so a riƙa kai ta bango kullum. Rumbun ajiya ma yana da nasa awon, ana ganinsa da manhajar CrystalDiskInfo. Tsohon iri mai faifai a ciki yawanci iyakarsa 60, sabon iri da ake kira SSD kuwa 70. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da farosesa, domin a cikinsa takardun mutane suke.

Shawarata ita ce a sayi ɗan ma'aunin zafi na bango, a rataye kusa da kwamfuta, a kuma ware littafi guda. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da zafin ɗaki, da awo biyun nan. A debe zafin ɗaki daga na kwamfuta, a rubuta ratar. Ratar ita ce mai ba da labari. Idan a makon farko ratar 40 ce, bayan wata uku ta koma 52, to ba bazara ba ce, ƙura ce ko fanka ta gaji.

Idan sabuwa ce kuma tana zafi

Wani saurayi ya taɓa kawo mini kuka cewa kwamfutar da ya haɗa takan ɗauke kullum da rana, har ya fara zargin an sayar masa da jabu. Da muka kwance ƙarfen shan zafin, sai ga siririyar leda manne a gindinsa, irin wadda kamfani ke sawa don kada ya karce. Ba a ɓare ta ba. Leda ɗaya ta hana shi barci mako biyu.

Tsakanin farosesa da ƙarfen akwai wani mai, mai launin toka, da ake shafawa. Aikinsa ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, domin iskar da ta maƙale a ciki ba ta barin zafi ya wuce. Kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya ya isa. Wasu ƙarafan da mansu suke zuwa, ba sai an ƙara ba. Kada a sa man goge baki ko giris a madadinsa. Idan an ɗaga ƙarfen, a goge tsohon mai a sa sabo. Wajen ɗaurewa kuma a bi kusurwa da kusurwar da ke fuskantarta, kaɗan-kaɗan, don ya zauna daidai. Sannan a duba cewa wayar fankar ta shiga ramin da aka rubuta CPU_FAN a jikin babban allo.

Hanyar iska

Akwatin kwamfuta kamar zaure yake. Zauren da iska ke shiga ta ƙofa ta fita ta taga ya fi daɗin zama. Ƙa'ida ita ce fankar gaba ta jawo iska ciki, ta baya da ta sama su fitar, tun da iska mai zafi sama take yi. A gefen yawancin fankoki akwai 'yar kibiya mai nuna inda iska ta nufa. Idan babu, a kunna a kara guntun takarda mai laushi, a ga ko ta ja ko ta tura.

A wurinmu ya fi kyau iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, kuma ta bi ta raga mai tace ƙura. Idan mai fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, laushi gare ta kamar gari. Wanda shagonsa ke kan hanyar kasuwar Maigatari kuwa, ranar Alhamis kaɗai, da shanu da raƙuma da manyan motoci, ta ishe shi. Ƙurar takan kwanta tsakanin haƙoran ƙarfe ta zama bargo.

Kada a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗora shi bisa tebur ko benci. A bar taƙi ɗaya tsakanin bayansa da bango, a nisanta shi da taga mai rana. Masu lulluɓe kwamfuta da zane don tsoron ƙura, niyyarsu kyakkyawa ce, amma sai bayan an kashe ta ta huce. Kuma kada a kara mata jiƙaƙƙen tsumma ko ƙanƙara. Silin na kwali ko na zana a ƙarƙashin kwano ya fi ƙarin fanka biyu amfani, domin shi ɗakin yake ragewa zafi.

Wajen kakkaɓe ƙura, a zare waya daga bango, a fitar da akwatin waje, a yi amfani da bulowa da buroshi mai laushi. A riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi. Iskar mai facin taya takan zo da ruwa da mai, a guje ta. Da hunturu jiki yakan tara irin tartsatsin nan da ake ji a bargo da dare, kuma yana iya kashe allo, saboda haka a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a sa hannu ciki. Ƙaramin akwatin wuta da ake kira fawa-fak kuwa kada a buɗe shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare.

Kimtsa wayoyi

Gaskiya kimtsa wayoyi ba ya rage zafi da yawa kamar yadda ake zuzutawa. Amfaninsa daban ne. Wayar da ke lilo takan faɗa cikin fanka ta tsayar da ita, mai shago bai sani ba. Tarin wayoyi kuma matattarar ƙura ce da kyankyasai. Sannan ranar gyara ba a san wace ce wace ba.

A bi da wayoyin ta bayan farantin da allo ke zaune a kai, a fito da kowace kusa da raminta. Babbar mai haƙora 24 da ta farosesa mai haƙora 8 a tura su har maƙallinsu ya ce ƙas. Filogin da bai zauna ba yakan yi zafi har ya narke. A ɗaure da maɗaurin roba, ba da wayar ƙarfe ba, kada kuma a shaƙe su ko a lanƙwasa su sosai. Ramukan bayan akwati da ba a amfani da su a toshe, saboda tsaka da ɓera.

A waje ma haka. A nemi soket mai waya mai kauri, kada a haɗa kwamfuta da dutsen guga ko hita a wuri ɗaya. Inda ake aiki da janareta, a bar shi ya daidaita kafin a kunna kwamfuta, a kuma sa sitabilaiza ko UPS a tsakani. Firinta mai aiki da garin tawada tana jan wuta da yawa, kada a jona ta a ƙaramin UPS. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a kashe a zare.

Aikin aji

Malamai su karanta wa ɗalibai wannan, su lissafa a allo. Wani mai shago a Gumel ya auna a watan Janairu: ɗaki 27, kwamfuta 68. Ya sake aunawa a watan Afrilu: ɗaki 42, kwamfuta 84. Nawa ce ratar a kowane wata? Kwamfutar ce ta sami matsala, ko kuwa ɗakin ne? A watan Yuni kuma ya sami ɗaki 36, kwamfuta 91. Me ya kamata ya fara dubawa? A aiko da amsa ta hannun malamin aji.